Zane Ashirin Zuwa Yamai

Ghissa na tsaye kan benci yana cika wutsiyar kifi da shuɗin fenti a bangon wani gidan abinci a bakin kasuwar Arlit, sai ya ji an kira shi har da sunan mahaifinsa.

"Ghissa ɗan Ahmudu?"

Bai juyo nan take ba. Tun da tawaye ya ɓarke a duwatsun Abzin, duk wanda aka kira da cikakken sunansa sai ya fara tuna da wa ya gaisa jiya. Ya goge buroshi a jikin gwangwani, sannan ya sauko.

Mutumin siriri ne, da tabarau da jakar fata, Hausarsa ta mutanen Damagaram. Ya ce sunansa Fatahu, daga wani gidan raya al'adu a Yamai yake. Suna shirya baje kolin zane na masu zanen ƙasar nan, ya je Tawa, ya je Agadas, yanzu ga shi a Arlit.

"Wa ya ba ka sunana?"

"Bangon gidan likita. Hoton matar nan da ke tace ruwa da mayafi, na ga sa hannunka a ƙasa. Na tambaya, aka ce kai ne ka yi shekara goma sha ɗaya kana zana wa kamfanin ma'adinai allunan gargaɗi."

"Sun sallame ni."

"Na ji. An ce kuma kana da littattafan zane a gida."

Wannan ce ta tsaya wa Ghissa a rai. Allunan kowa ya gan su: hannu a bakin inji, mutum ba hular kwano. Littattafan kuwa, waɗanda suka san da su ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Amma kunya ta hana shi musu, kuma can ƙasan ransa wani abu ya motsa. Tun da farashin uraniyum ya faɗi aka rage ma'aikata, ba wanda ya nemi ya zana masa abin da ya wuce kifi, kaza da kan aski.

Ya kai baƙon gida. Matarsa Mina ta shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, ta ɗora shayi. Fatahu ya wanke hannu kafin ya taɓa takardun, yana buɗewa a hankali. Ga bas ɗin ma'aikata da asuba. Ga tsohuwa tana tankaɗe tsakin gero. Ga garke a hanyar Gugaram, a shekarar da fari ya cinye dabbobi.

A wani shafi ya tsaya. Maza huɗu ne a bakin rijiya, sun sassauta rawani saboda zafi, fuskokinsu a fili.

"Wannan na tsakiya, kamar zai yi magana. Wane ne?"

"Wani makiyayi."

"Rijiyar fa, a ina take?"

"Daji duk ɗaya ne, Malam."

Na tsakiyar Muktari ne, ƙanen Ghissa. Wata bakwai ke nan da ya bar motar kaya da yake tuƙawa a tasha, ya shiga duwatsu, ba wanda ya furta inda ya tafi ko a cikin gida.

Fatahu ya rufe littafin. Ya ce zane ashirin yake so. Za a rataye su wata guda, masu buga littattafan makaranta za su zo, kuma suna neman masu zane ido rufe. Gobe da hantsi ayarin motoci zai tashi zuwa Agadas da rakiyar soja, a ciki zai tafi.

Da Fatahu ya fita, Ghissa ya leƙa shagon maƙwabcinsa Tanko, tela Bakatsine da ya shekara ashirin a garin. Ya tambaye shi ko ya san baƙon. Tanko bai ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba.

"Mai tabarau? Shekaranjiya na gan shi a shingen shiga gari, yana shan shayi da masu kaki, har da dariya."

"Ka tabbata shi ne?"

"Ni da ke zura zare a allura? Maƙwabci, a wannan zamani wa ke baro Yamai ya zo nan neman hoto? Mutane gudu suke, shi yana shigowa."

Mina kuwa da ta ji, sai ta ajiye ludayi.

"Duk wanda ya shigo garin nan sai ya zauna da su, ko yana so ko ba ya so. In bai yi dariya ba, kuka zai yi musu? Baban Intala, shekara nawa takardun nan suna cikin akwati gara na lasa? Gidajen kamfani sun zama kango, makarantar 'yarmu Intala malami ɗaya ya rage. In ƙofa ce Allah ya buɗe, kai za ka rufe?"

"In kuma tarko ne, fuskar Muktari zan miƙa musu da hannuna."

Mina ce ta raini Muktari bayan rasuwar uwarsu.

"To kar ka ba shi mutane," ta ce daga baya. "Ba shi abin da ba shi da uwa."

Haka ya yi. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya yana zaune da reza, yana yanke shafuka daga ɗinki. Duk inda fuska ta fito ya tsallake, ko ta mace ce, ko ta jariri. Duk dutsen da mai ido zai gane ya tsallake. Ya zaɓi tulin ƙasar ma'adinai da ke bayan gari, da layin gidajen da aka ƙulle da sarƙa, da guga a busasshiyar rijiya, da gawar raƙumi da rairayi ya rufe rabinta. Zanen maza huɗun ya riƙe shi ya daɗe, don ya san bai taɓa yin wanda ya kai shi ba. Sannan ya tura shi cikin murhu ƙarƙashin tukunyar Mina.

Da hantsi tasha ta cika da motoci a jere. Fatahu ya duba zanen ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwarsa.

"Ba mutum ko ɗaya."

"Garin ne ba mutane."

Fatahu ya dube shi ta saman tabarau. Ya rubuta takardar karɓa, ya sa hannu, ya miƙa masa.

Kafin a tashi, masu kaki suka bi layi suna buɗe kaya. Wani dogo mai igiya biyu a kafaɗa ya karɓi jakar Fatahu, ya zaro zanen yana juyawa ba tare da sha'awa ba, har ya kai kan gawar raƙumin. Nan ya tsaya, ya kai takardar kusa da ido.

"Wannan alamar da ke cinyarsa, ta wace zuriya ce?"

Ghissa ya leƙa takardar. Tambarin da danginsu ke yi wa raƙuma da ƙarfe mai zafi ne. Hannunsa ya zana shi yadda ya gan shi, kamar yadda yake zana kunne ko kofato, jiya ma da yake tantancewa idonsa bai tsaya a kai ba. Kuma duk mai bin sawu a arewa ya san mutanen wannan tambari nawa ne suka hau dutse.

"Sa hannunsa ne, ranka ya daɗe," in ji Fatahu, ko numfashi bai ja ba. "Masu zane haka suke, kowa da inda yake ɓoye alamarsa. Wani a gindin bishiya, wani a cinyar dabba. A Tawa akwai wanda ke sa tasa a kunnen jaki."

Sojan ya yi 'yar dariya, ya dubi Ghissa da fentin da ya bushe a farcensa, ya mayar da takardun, ya wuce mota ta gaba.

Fatahu ya zuge jakar. Da zai hau, ya matso kamar mai sallama, ya yi ƙasa da murya.

"Zan rufe wurin da katakon firam, ba wanda zai gani. Allah ya dawo muku da na daji lafiya."

Motocin suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ghissa ya tsaya da takardar karɓa a hannu, yana jin godiya a ransa. Sai da motar ƙarshe ta fita daga tasha sannan ya tuna cewa bai taɓa gaya wa mutumin yana da kowa a daji ba.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai koma wajen kifinsa ba. Ya bi ta bayan kasuwa, wajen masu sayar da gawayi da ke shigowa daga daji, ya nemi wanda zai kai wa su Muktari saƙo cewa a bar shan ruwa a rijiyar nan da Fatahu ya gani a zane.