Shuɗin Haske a Rijiyar Lois

Duk layinsu a unguwar Turaki ta Jalingo, rijiyar gidan Lois ce kaɗai ba ta ƙafewa, kuma ita ce mijinta ya garƙama wa kwaɗo a daminar 1998.

Rediyo ce ta jawo. Mijin nata, Malam Tobiya, malamin kimiyya a wata sakandare, ya ji an ce masana a Japan sun cika ƙaton tanki da ruwa a ƙarƙashin dutse, suna dakon wasu ƙwayoyi da ake kira niyutirino. Wai daga rana da sararin sama suke zubowa, suna ratsa dutse da ƙarfe da cikin mutum ba ko sallama. Littattafan da ya tsufa yana koyarwa sun ce ba su da nauyi sam, ga shi yanzu an gano suna da ɗan nauyi, har kama suke sauyawa a hanya. In ɗaya ta yi karo da ruwa, sai a ga ɗan shuɗin haske. Wani in ya ji haka sai ya ce ikon Allah, ya ci gaba da cin tuwonsa. Tobiya kuwa tsakar gida ya fita ya tsaya a bakin rijiya.

"Maman Hope," ya ce, "Japan suna da ruwa a rami, mu ma muna da ruwa a rami. Mene ne bambanci?"

"Namu sha muke yi," in ji Lois.

Bai ji ta ba. Ya ce guga na dagula ruwa, bincike kuma sai da duhu da natsuwa. Ya rufe rijiyar da kwanon rufi, ya yanke ƙofa daidai kansa. Kullum in ya taso daga makaranta sai ya kwanta rub da ciki, ya zura kai, ya lulluɓa da baƙin bargo kamar mai ɗaukar hoto. Ya yarda mutanen Japan suna da dubban na'urori masu ganin haske, amma ya ce shi ma idonsa biyu, kuma bai taɓa sa tabarau ba.

Da damina Lois ta tara ruwan kwano ta haƙura. Da bazara ta kama, famfo ya ɗauke, sai ga ta da baho a ka tana bin mata zuwa rafin Lamurde tonon yashi. Ita da a da maƙwabta ke layi a ƙofarta suna gaishe ta tun ba ta wanke ido ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai, kuma wuyanta ya fara ciwo.

Wata rana suna dawowa, maƙwabciyarta Talatu ta ce, "Shi Malam ba haske kawai yake nema ba? Ki ba shi mana, ya gani ya huta, mu ma mu huta."

Lois ta kwana biyu tana juya maganar. Ba ta saba yi wa mijinta ƙarya ba, amma ta gaji. Ran Asabar da hantsi, yana kwance cikin bargonsa, ta lallaɓo da guntun madubi da fasasshiyar shuɗiyar kwalba. Ta tari rana da madubin, ta wurga hasken ta cikin kwalbar zuwa wata ɓula a gefen kwanon, sau ɗaya tak, ta koma madafa.

Tobiya ya shigo da hawaye a idonsa. Tausayinsa ya kama ta, har ta ji kunya.

"Na gode wa Ubangiji, Baban Hope," ta ce. "Yanzu sai ka ba ni makulli."

"Makulli? Ai yanzu aiki ya fara. A sayans, abin da ka gani sau ɗaya ba ka gan shi ba."

Kafin mako ya zagayo labari ya cika Jalingo. Jiha sabuwa ce, tana neman abin da za ta yi tinƙaho da shi, sai wani babba daga wani ofis ya ɗauki maganar da zafi. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya leƙa rijiyar bai ga komai ba, ya kuma yanke cewa rashin ganin ne babbar shaida, tunda an ce ƙwayoyin ba sa ganuwa. Aka zo da siminti da wayar shinge, aka kewaye rijiyar aka sa mata ƙofar ƙarfe, ta zama wurin bincike.

Ana gobe bikin buɗewa Lois ta zaunar da mijinta ta faɗa masa gaskiya, har ta ɗauko madubin da kwalbar. Ya dube su, ya yi mata irin murmushin da yake wa ɗaliban aji ɗaya.

"Maman Hope, na san kin wahala da ruwa. Amma ba sai kin ɗora wa kanki laifi ba. Ni na san abin da na gani."

Washegari aka yi jawabai cikin rana. Tobiya ya gode wa matarsa a lasifika, ya ce ba ta taɓa sa hannu a bincikensa ba, aka tafa mata. Babban nan ya rufe sabuwar ƙofar ƙarfen, ya jefa makullin a aljihun babbar riga, ya shiga mota. Wata bai cika ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ya tafi da rigarsa.