Oba-obar da Aka Koya wa Ladabi

Abdulfattah ya sake danna oba-obar a cikin shagonsa.

"Yaya Nababa! Ka juya, an tare hanya!"

Jar fitila kawai ta ƙyafta masa. Maganar ba ta fita ba.

Tun da aka datse sabis ɗin waya a Birnin Gwari, wannan na'urar da ya harhaɗa da karatunsa na jami'a ita ce bakin direbobi da kunnensu. Takan saurari iska, ta lalubo layin da babu kowa, ta tura magana ta nan. Da ta ji murya mai ƙarfi ta shigo, sai ta ɗauka jami'an tsaro ne masu layin, ta yi shiru ta nemi wani. Haka doka ta ce, haka ya koya mata, har yana bugun ƙirji a tasha wai na'urarsa ba ta katse manya.

Yau da hantsi wani ɗan acaɓa ya shigo a guje daga Kazage, ya ce ya ga baburan 'yan bindiga sun nufi titi. Yayansa Nababa kuwa, direba, ya riga ya taso daga Dogon Dawa da lodin masara.

Ma'u, matar Nababa, tana tsaye a ƙofar shagon, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

"Audu, me take jira?"

"Layi take nema, Anti. Duk inda ta je akwai masu magana."

"Sojoji ne?"

Ya ƙara sauti. Ina sojoji! Muryoyin mutanen daji ne, suna ta kiran juna da nasu oba-obar, suna dariya. Kowane layi sun cika shi, ita kuwa baiwar Allah sai kauce musu take yi.

"To ka tilasta mata mana!"

"Ban sa mata wannan ba," ya ce.

Can sai iska ta yi tsit. Koriyar fitila ta kama.

"Yaya! Yaya, ka juya!"

Aka ɗauka. Wata baƙuwar murya ce, a natse, kamar mai cin goro.

"Ƙaninsa ne? To yana wurinmu. Yanzu mun gama, faɗi abin da za ka faɗa."