Abin da Mai Aski Ya Roƙa

"Tashi ka zauna mana, mutumina! Ƙwarin gwiwa kawai ka rasa," in ji Direba, yana gyara wa mai aski matashin kai.

Mai aski ya yunƙura, hannuwansa suka ƙi ɗaukarsa, ya koma ya kwanta.

Direba koyar da tuƙi yake yi, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Shi a wurinsa komai na duniya ƙwarin gwiwa ne. Ɗalibi ya kashe mota a kan tudu, rashin ƙwarin gwiwa. Wani ya ci jarrabawa, ƙwarin gwiwa. Ko kaza ta ƙi yin ƙwai, abin da zai ce ke nan. Ranar da injin aski ya fara rawa a hannun maƙwabcinsa har ya yanki Direba a kunne, haka Direban ya gaya masa. Mai aski ya ji kunya, ya ci gaba da buɗe shago. Ko da aka je asibiti, likita ya ce ciwon ya riga ya ci jiki.

Auta, 'yar mai aski, ta shigo da ruwan ɗumi a roba, ta tsaya tana bin bakin Direba da kallo. Uban ya aike ta ɗauko tawul. Sai da ya ji takunta ya yi nisa sannan ya kamo rigar maƙwabcinsa.

"Alfarma ɗaya nake roƙo. Yarinyar nan duk abin da ka faɗa ta ɗauka. Jiya ta ce mini in na so zan tashi." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kar ka bar ta tana ganin ni na ƙi zama."

Direba ya buɗe baki, kalmar da ya saba tana kan harshensa. Ya haɗiye ta. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da hantsi mai aski ya cika, yana riƙe da hannun matarsa.

Bayan mutane sun watse, Direba ya tarar da Auta a ɗakin, tana fama da katifa ita kaɗai.

"Kawu," ta ce, ba ta ɗago ba, "da Baba ya dage, da ya warke, ko?"

"A'a, 'yata. Ya dage har ya fi ƙarfinsa. Ciwo ne, kuma ciwo ba ya tambayar zuciyar mutum."

"To ai kai ka ce..."

"Na ce. Ban san abin da nake faɗa ba."

Ta ɗago ta dube shi, hawayen da ta riƙe tun safe suka sauko. Ya kama gefe ɗaya na katifar, ta kama ɗayan, suka fitar da ita tsakar gida suka shimfiɗa a rana. Wurin da mai aski ya kwanta yana nan a lotse.