Gurbin Gelmina

A gidanmu da ke Fumane, duk yaron da aka haifa sai Baba ya ware masa kwalabe daga amarone ɗin shekarar, wato giyar da muke yi da busasshen inabi, ya jera a gurbin bango a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya rubuta sunansa a sama. Ba a taɓa su sai ranar aurensa. Ni Gelmina ina da gurbi, ina da suna, kwalba ce babu. Shekarar da aka haife ni ƙanƙara ta sauko ana dab da tsinka, ta farfasa inabin. Wanda ya fashe ba ya shanyuwa, ruɓewa yake, kuma Baba ba ya yin amarone da abin da bai kai ba. Gurbina ya zama ma'ajiyar mazurari da tsofaffin takalman roba.

Ƙanwata Fiorenza kuwa ta iya zaɓen shekara. Rana ta yi, iskar dutse ta busa yadda ake so, inabi ya yamushe a kan shimfiɗun gora, babu ko ɗigon hunhuna. Tun ina ƙarama nake jin Baba yana ce wa baƙi, "Ai ba ku sha komai ba sai kun sha shekarar Fiorenza." Ni da nake hawa benen da ake shanya inabi duk hunturu ina buɗe tagogi in iska ta bushe, ina rufewa in hazo ya taso, ban taɓa jin an ce shekarar Gelmina ba. Ina jin haushi, ba na ɓoyewa.

Ranar aurenta ni aka sa na haura da kwalaben. Wallahi a kan matakala addu'a nake Allah ya sa toshiyar ta lalace, giyar ta zama ruwan tsami. Ina! Da aka buɗe, ƙamshin ya rufe na naman da ke kan tebur. Na kurɓa, ja ce wur har ta yi duhu, mai nauyi, ba zaƙi, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Ban taɓa shan irinta ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Gwaggo Ottavia ta zungure ni. "Ke kuma in naki ya zo me za mu sha, takalmin roba?"

"Ki bari ki ga ranar tukuna, Gwaggo."

Fiorenza ta ji. Da yamma ta ja ni gefe cikin farar rigarta, ta tura min kwalba ɗaya.

"Yaya, na ɓoye miki wannan. Ki sa a gurbinki."

"Sadaka ce?"

"Haba Yaya, karɓi mana."

Na karɓa, ina jin kamar na rotsa ta da ƙasa. Amma washegari na sauka, na fitar da takalman da mazurarin, na share yanar gizo-gizo, na kwantar da ita a ƙarƙashin sunana. Na daɗe a tsaye ina kallo. Ta yi kyau a wurin.

Sai ga Baba ya sauko neman mazurari. Ya tsaya, ya gyara tabarau, ya karanta rubutun hannunsa a jikin kwalbar.

"Wa ya ajiye ta Fiorenza a nan? Mutanen nan ba sa lura."

Ya ɗauka, ya goge ta da hannun rigarsa, ya mayar da ita gurbin ƙanwata. Sannan ya juyo.

"Gelmina, ina kika kai mazurarin?"