Gwangwanin Ƙasar Baba Rosli

Motar haya ta uku ke nan ta tsaya a bakin titin Bedok, biyun farko sun ƙi ɗaukar kare. Direban ya kalli karen da ke yi wa Siew Lan jagora, ya ce, "Yi haƙuri Inna, kujeruna sababbi ne." Ya ja motarsa, wayarta ta sanar da ita an soke tafiyar.

Ta shafa kan karen, sai marigayi Baba Rosli ya faɗo mata a rai. Tun da ta makance shi yake kai ta asibiti a tsohuwar tasinsa, kafin a fara kiran mota ta waya. Sallah ba ta wuce shi, kuma kullum akwai gwangwanin ƙasa da jarkar ruwa a motarsa. In karenta na wancan lokacin ya lashe masa hannu, sai ya wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yana mita: "Wannan ɗan naki ba shi da kunya!"

Wata rana ta ce masa za ta riƙa barin karen a gida don ta hutar da shi.

Ya ce, "Haba 'yar uwa! Ni hannu kawai zan wanke. Ke idonki za ki bari a gida?"