Jini a Kan Karnen Aro

Zuwaira ba ta da hurumin taɓa mara lafiya a ɗakin nan, kuma an faɗa mata haka ya fi sau uku. Aikinta rubutu ne. Wata huɗu ke nan tana zaga ɗakin masu haihuwa na wani asibiti a Tawa, tana cike wa masu bincike takardu a kan matan da aka ƙara wa jini: wa ta warke, wa ta samu matsala, me ya jawo. Ma'aikatan ɗakin sun raɗa mata suna ƴar rahoto, in ta shigo sai hira ta mutu. Ita da ta yi shekara tara tana karɓar haihuwa, abin yana ci mata rai, haɗiyewa kawai take yi.

Da hantsin wata Talata aka kawo wata mata daga ƙauyen Barmu. A gida ta haihu, jini ya ɓalle mata, kafin a iso tafin hannunta ya yi fari fat. Surukarta, wata tsohuwa mai kaifin ido, ta miƙa karne, ɗan littafin awon ciki da ake rubuta komai na mace a ciki. Suna Rahamatu, rukunin jini A. Katin gwajin da ake yi a bakin gado ya ƙare tun makon jiya, matar kuma tana bakin mutuwa, don haka Manzo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, ya dogara da karne, ya karɓo ledar jini ya rataye.

Zuwaira ta ja kujera ta fara kwafa. A shafi na uku ta ga an rubuta cewa a haihuwa ta biyu aiki aka yi aka ciro ɗan. Takardarta tana tambayar yadda tabon yake, sai ta ɗan ɗaga zanen matar. Ciki sumul, ko ƙwarzane babu. Ta sake karanta shafin, ta sake duba cikin matar.

"Inna," ta ce da tsohuwar, "wagga ɗiya mi sunanta?"

"Abin da anka rubuta, shi na."

"An taɓa yi mata aiki?"

Tsohuwa ta kau da kai. "Ku dai ku ba ta magani."

Jinin yana ɗiga, ɗaya bayan ɗaya. Matar da ke kwance ta fara rawar ɗari a cikin wannan zafin, ta kai hannu ta dafe ƙugunta tana nishi. Zuwaira ta san wannan alamar, kuma ta san in ta yi kuskure ta tsayar da jinin da ke riƙe da ran matar, ba aikinta kaɗai za ta rasa ba. Tsoro ya kama ta sosai. Duk da haka ta miƙa hannu ta matse makullin robar da jinin ke bi, ɗigon ya tsaya.

Manzo ya taso kamar an watsa masa ruwan zafi. "Wa yab ba ki izini? Kashe ta za ki yi?"

"Karnen ga ba nata ba na. Duba cikinta, ka duba shafin ga."

Ya duba. Manzo mutum ne mai baki, amma ba wawa ba ne. Ya cire ledar, ya ɗaura ruwa, ya ɗebi jinin matar ya nufi ɗakin gwaji da kansa, har yana tuntuɓe da bokiti.

Zuwaira ta durƙusa gaban tsohuwar, ta sassauta murya. "Inna, ba a korar ku, ba kuma mai kai ku ƙara. Ki gaya min gaskiya."

Sai a lokacin bakin tsohuwa ya buɗe. Sunan matar Raƙiya. Ba ta taɓa zuwa awo ba, kuma a ƙauyensu kowa ya san macen da ta zo ba karne faɗa ake yi mata a bar ta a benci. Rahamatu matar babban ɗanta ce, ita kaɗai ke da littafi a gidan, shi ya sa duk wadda ciwo ya kama a cikin matan ƴaƴanta da shi ake kawo ta. Ta faɗi haka ba tare da jin ta yi wani laifi ba, a wurinta aron karne da aron turmi duk ɗaya ne.

Manzo ya dawo yana haki. Jinin Raƙiya O ne. Abin da ya shiga jikinta bai kai rabin kofin shayi ba, likita ya ce sai an ga yadda ƙodarta za ta yi zuwa gobe, amma akwai fata. Aka rataye sabuwar leda, rawar ɗarin ta fara lafawa.

Tsohuwa ta matso kusa da Zuwaira. "Ɗiyata, ashe jini kala-kala na?"

"Kala-kala na, Inna. In an sa wanda ba naka ba, kisa shikai."

Tsohuwa ta juya ta dubi karnen.

"Bara da karnen ga munka kai Kadidiya, matar autana, wani asibiti. Ita ma sun ƙara mata jini."

"Tana ina yanzu?"

"Sanyi ta riƙa cewa tana ji," in ji tsohuwa. "Ni kau sai lulluɓa mata zane nikai, har rai yay yi halinai."