Wutsiyar Koriyar Roba

Tun da harin 'yan bindiga ya sa suka baro Baga da kayan jikinsu kawai, Umara bai sake komawa daidai ba. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya a bakin tafki masunta ke natsuwa, sai ga shi a gidan haya a unguwar Bolori, nesa da tafki, yana wuni a kan tabarma yana kallon kajin maƙwabta. Ƙaninsa Tahir ya fi shi saurin haƙura, ya sami aikin sauke kwalaye da tsince banda a kasuwar kifi ta hanyar Baga. Abu guda ke hana Tahir sakat, kada Yaya ya koma ruwa. Waɗanda suka koma a ɓoye, wasu an ji labarinsu, wasu ko labarin babu.

Wata rana Uche, mai shagon ƙugiya da zaren fatsa, ya nuna wa Tahir wani ɗan kifin roba mai laushi da aka kawo daga waje, wai shi ake maƙala wa ƙugiya maimakon tana. Tahir kuwa irin mutanen nan ne da ba sa ganin abu su bar shi. Ya juya shi, ya matsa, ya ce ai wannan ko shi zai yi. A ransa kuma ya ce ga abin da zai ɗebe wa Yaya kewa.

Ya tsinto wani koren takalmin roba na mata a bola, ya yayyanka cikin gwangwanin madara, ya ɗora a kan gawayi. Ya danna ɗan ƙaramin kifi a jikin yumɓu har siffarsa ta fito. Da robar ta narke ya ɗiga mata man kifi don ƙamshi, ya zuba a gurbin, ya tsoma a ruwan sanyi. Abin da ya fito, tsakani da Allah, ya fi kama da kuɓewa. Rahmat, matar Umara, ta yi ta mita a kan hayaƙin da ya kama mata shanya.

Umara ya yi kwanaki yana kallonsa da wutsiyar ido, sannan ya tanka.

"Wutsiyar ta yi kauri. Ko makahon kifi ba zai kula wannan ba."

Ya karɓi reza, ya fefe wutsiyar har ta yi siriri, ya ɗan tsaga ƙarshenta biyu. Suka cika bahon wankin Rahmat da ruwa, ya ja zaren a hankali, sai ga roba tana kaɗa jiki kamar mai rai. Ranar Umara ya yi dariya, ya cinye tuwonsa tas. Daga nan kullum da yamma suna tsugune a gaban gwangwani, Tahir na zubi, Umara na gyara. Tahir ya cika kasuwa da labarin ya warkar da yayansa ba tare da asibiti ba.

Daɗin bakin nan ne ya ja masa. Kowane masunci ya san inda 'yan bindiga suka fi rutsawa da mutane shi ne in sun sauka tsibiri haƙar tana. Tahir ya ɗaga kifin robar yana yabon kansa, ya ce da wannan a aljihu ai mutum ba sai ya taka ƙasa ba, daga kwalekwale zai gama komai. Umara ya daɗe yana kallon bahon. Tahir ya ga wannan kallon, ya kuma ɗauka sha'awar aikinsa ce.

Bayan 'yan kwanaki Umara ya ce zai je unguwar Jiddari Polo gaida wani aboki. Da la'asar aka duba inda suke tara kifayen robar, ba ko ɗaya. Umara bai dawo ba, wayarsa kuma ba ta sake shiga ba. Rahmat ba ta taɓa ɗora wa Tahir laifi da baki ba, ta dai kwashe gwangwanin da yumɓun ta ajiye masa a ƙofar ɗakinsa. Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Ya yi nadama har ya rasa inda zai sa kansa, don ya san ba kewa ya ɗebe wa Yaya ba, hanya ya nuna masa.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya Tahir yana tsince banda, wata tarwaɗa ta karye a hannunsa, sai ya ga wani koren abu a cikinta. Wutsiya ce siririya mai tsagi biyu, zafin hayaƙi ya ɗan tattare ta. Abin kunya, murna ce ta fara zuwar masa, ashe abin yana kamu. Ya ruga wajen direban da ya kawo kayan. Direban ya ce kifin nan ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare shi, kuma banda tana iya yin watanni a ɓoye, wa ya san ranar da aka kama ta.

Ya kai wa Rahmat a tafin hannunsa. Ta gane aikin rezar mijinta tun kafin ya yi magana.

"Yana raye?" ta tambaya.

"Ya dai isa ruwa, Yaya Rahmat."

Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zaninta, ta koma kan wankinta a bahon nan.